Yawon Salla daga Filinge zuwa Yamai: kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Kashegarin ƙaramar Salla, tun rana ba ta ɗaga ba, tashar motar Filinge takan cika. Yawancin masu jiran mota ma'aikata ne da 'yan kasuwa da suka zo Salla gida, za su koma bakin nema a Yamai. Amma in ka duba da kyau ba ka rasa magidanci ɗaya ko biyu da ya jero 'ya'yansa a baya, kowa cikin ɗinkin Salla, 'yan matan da lalle a hannu, autan yana rungume da sabon takalminsa don kada ƙura ta taɓa shi.

Sai a shiga ciniki da karen mota. Uban na cewa waɗannan biyun kujera ɗaya ta ishe su, wancan kuma a cinya za a riƙe shi. Karen mota na rantsuwa cewa yaron da ya kai wannan tsawo ya wuce cinya. Yaran ba ruwansu. Tun cikin azumi aka yi musu alkawari za a kai su birni su ga zaki, su hau lilon da lantarki ke juyawa, irin wanda ɗan baffansu ya nuna musu a waya.

Daga Filinge zuwa Yamai kilomita wajen 180 ne, ta Bonkuku da Baleyara da Hamdallay. Kuɗin zuwa da dawowa, da abin da za a kashe a can, ba ƙaramin giɓi suke yi wa aljihun talaka ba. Shi ya sa maganar ke raba kan mutane a majalisar ƙofar gida da cikin ɗakunan mata. Wasu na ganin haƙƙin yaro ne a fitar da shi ya ga duniya. Wasu na ganin almubazzaranci ne da aka yi wa kwalliya.

Abin da ake zuwa gani

Wurin wasa mai injuna abu ne na babban birni. Ko a Yamai ɗin ma babu irin manya-manyan wuraren da ake nunawa a talabijin, masu jirgin da ke kifewa da mutane a sama. Abin da ke akwai shi ne filaye masu shinge da 'yan kasuwa suka zuba wa lilo, da dokunan roba masu zagaye, da 'yan motocin karo, da gidan balan-balan da yara ke tsalle a ciki. Akwai kuma lambuna irin na abokantakar Nijar da Turkiyya, inda iyali ke shimfiɗa tabarma su sha iska.

Amma in ɗan Nijar ya ce za a kai yara yawon Salla a Yamai, wuri ɗaya ne ke fara zuwa masa a rai: Muze, wato gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama. An buɗe shi a 1959, kafin samun 'yancin kai, kuma tun farko aka haɗa masa abubuwan da a wasu ƙasashe ake rarrabawa. Gidan namun daji ne, da zakuna da kuraye da dorina da kadoji. Gidan tarihi ne, da tufafi da makamai da kayan kiɗa na al'ummomin ƙasar. Kasuwar masu sana'ar hannu ce kuma, inda yaro zai tsaya ya ga maƙeri na ƙera azurfa, baduku na ɗinka fata.

A nan aka tsayar da ƙasusuwan dabbobin da suka rayu miliyoyin shekaru da suka wuce, waɗanda aka tono daga hamadar jihar Agadas, har da wani kada na Gadafawa da tsawonsa ya kusa mita 10. A nan kuma aka ajiye gungumen itaciyar Tenere, wadda ta yi suna don tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar hamada, har wata mota ta buge ta a 1973.

Ranakun Salla wurin kan cika maƙil, yara ƙungiya-ƙungiya, da yawa ba tare da babba ba, kowa da ɗan kuɗin barka da Salla da ya tara a ƙulle a gefen zane ko cikin aljihun sabuwar riga.

Haka abin yake a ƙetaren iyaka. A Kano gidan zu na Audu Bako ne ke ɗaukar wannan cunkoso. Masu bin labarai za su tuna abin dariyar da ya faru can a 2019, lokacin da naira miliyan 6.8 na cinikin kwanakin Salla suka yi ɓatan dabo, aka baza labarin wai goggon biri ne ya haɗiye su, daga baya gwamnan jihar ya fito ya ce gidan ma ba shi da goggon biri. An yi ta raha da birin, amma abin lura shi ne yawan kuɗin. Daga aljihun yara da iyayensu suka fito, cikin 'yan kwanaki.

Ƙofa da arha, ciki da tsada

Wanda bai taɓa zuwa ba yakan tambayi kuɗin shiga, a faɗa masa, ya ce ai wannan ba komai ba ne. A nan ake yin kuskuren farko. A mafi yawan wuraren nan kuɗin ƙofa na shigar da kai fili ne kurum. Kowane lilo da nasa tikiti, kowane zagaye kuma 'yan mintoci ne.

Dabarar tsohuwa ce. Lokacin da aka buɗe Disneyland a Kaliforniya ta Amurka a 1955, dala ɗaya ta Amurka ake biya a ƙofa, sannan a sayi tikitin kowane abin hawa daban. Sai a 1982 suka koma kuɗi ɗaya na yini duka, yau kuwa tikitin mutum ɗaya ya haura dalar Amurka 100, a ranakun cunkoso ma yakan kai 200. Can ma iyaye na ƙorafi. Bambancin shi ne su sun san abin da za su biya tun daga gida, mu kuwa sai an shiga, yaro ya ga lilo da idonsa, sannan ake fara lissafi. Kuma duk uban da ya taɓa cewa "ya isa haka" a gaban ɗa mai hawaye, jama'a na kallo, ya san wa ke cin wannan ciniki.

Mu ɗauki misali don lissafi kawai. A ce hawa ɗaya dala ɗari ne, wato sefa 500. Yara biyar, kowa ya hau abu huɗu. Jika goma ke nan ta tafi, ba a sha ruwa ba. Mafi ƙanƙantar albashi a Nijar, bayan ƙarin da aka yi masa a farkon 2024, sefa 42,000 ne a wata. Wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na albashin wata ya ƙare a kan juyin da in an haɗa shi duka bai cika awa ɗaya ba.

Sannan ga sauran. Zafin Yamai a watannin Maris zuwa Mayu yakan wuce digiri 40, kuma a 'yan shekarun nan cikin wannan zafi ko gab da shi Sallolin biyu ke faɗowa. Yaro zai nemi ruwan sanyi, ya nemi nonon Solani, ya nemi alewa, ya ga mai balan-balan da mai bindigar roba da mai tabarau. Mai hoto na tsaye. Daga tasha zuwa wurin sai an ɗauki taksi, iyali mai yawa kuwa taksi ɗaya ba ta ɗauke su.

Ɗan Yamai a nan lissafinsa ya tsaya. Na Filinge yanzu ya fara. Da wuya a je a dawo rana ɗaya da ƙananan yara, don haka sai an sauka gidan dangi, kuma ba a shiga gidan dangi hannu rabbana. Za a riƙo tsarabar gida, a ba yaran gidan barka da Salla, in za a fita kuma ba yadda za a yi a bar su suna kallo. Wanda ya taho da yara biyar yakan tsinci kansa a bakin ƙofa da tara. A dawowa ga tsarabar waɗanda aka bari.

Mafi yawan mutanen Kurfai, wato yankin Filinge, ma ba 'yan albashi ba ne. Manoma ne da makiyaya da 'yan ci-rani, waɗanda ke auna kuɗi da tiyar hatsi ko da akuya. Babbar Salla a yanzu tana zuwa ne a bakin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ana neman iri, ga kuɗin ragon layya. Sau da yawa abin da ke ɗaukar nauyin tafiyar shi ne ɗan aiken da wa ko ƙane ya turo daga Abijan ko Legas ko Libiya, ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, da saƙon a faranta wa yara.

Masu wurin ma da tasu hujjar

In ka saurari masu irin wannan sana'a, ba za su yarda cewa tsada suke yi ba. Injunan daga waje ake shigo da su, Nijar kuwa ba ta da teku, kowane ƙarfe sai ya biyo doguwar hanya da kuɗin kwastan. Ƙura da rana na cin roba da fenti. In wani abu ya lalace, samun madadinsa aiki ne.

Ga wuta. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mafi yawan lantarkin da Nijar ke sha daga Nijeriya yake zuwa, kuma da aka yanke shi cikin takunkumin da ya biyo baya, duk mai sana'ar da ke jingine da wuta ya koma kan janareta. Lilo ba ya juyawa da fatan alheri, gazuwal yake sha.

Babbar hujjarsu ita ce kasuwar ta 'yan kwanaki ce. Salla biyu, sabuwar shekara, ɗan hutun makaranta, sai yammacin Asabar da Lahadi. Sauran ranakun masu gadi ne kaɗai ke zaune a inuwa. Dole abin da aka samu a mako biyu ya riƙe shekara.

Hujja ce mai ƙarfi. Sai dai ita ce kuma ke nuna inda haɗarin yake. Ranar da injin ya fi aiki ita ce ranar da aka fi cika shi, ma'aikata sun gaji, layi ya yi tsawo, kowa na gaggawa. Uba mai hankali kan tsaya ya kalli zagaye ɗaya kafin ya ɗora ɗansa: akwai abin ɗaure yaro, mai kula da injin yana kallon yaran ko yana kallon wayarsa, wayoyin lantarki a rufe suke ko a ƙasa inda ake takawa. Ɓatan yara cikin cunkoso kuwa abu ne da kowace Salla ake fama da shi, kuma yaron ƙauye da bai san sunan unguwar da aka sauka ba, ga shi wataƙila ba ya jin Zabarmanci, ya fi kowa shiga uku.

Abin da ake faɗa a gida

Masu adawa da tafiyar ba su da dogon bayani. Karin maganarsu ɗaya ce, kowa ya san ta: Salla ta wuce ta bar wawa da bashi. Suna cewa kuɗin zai sayi littattafai da kayan lakwal na shekara, ko ya ajiye tunkiya da za ta haihu. Wasu dattawa na ƙarawa da cewa yaron da aka saba masa da abin da gidansu ba zai iya ba, raina gida yake koya. Malamai kuma kan yi wa'azi a kan cakuɗuwar samari da 'yan mata a irin wuraren nan da yamma, ko da yake ban taɓa jin wanda ya haramta wa yaro kallon zaki ba.

Iyaye mata sun fi rabuwa biyu. Su ne suka san nawa ya rage a tukunya, su ne kuma ke kwana da nacin yaro. Da yawa daga cikinsu daga adashi ko kuɗin sana'ar cikin gida suke fitar da nasu kason. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: gasa. In 'ya'yan kishiya ko na maƙwabciya sun dawo da hoto a kan dokin roba, aka ɗora a WhatsApp, magana ta tashi daga wasan yara ta koma ta mutuncin ɗaki.

Malaman makaranta ne suka fi goyon bayan fita, amma da sharaɗi. Ɗan lakwal da ya karanta sunan kogin Kwara a littafi bai san girmansa ba sai ya tsaya kan gadar Kennedy ya leƙa. A dallol, kwarin da Filinge take ciki, ruwa a rijiya yake, ko a tabkin da ke ƙafewa bayan damina. Gani ya kori ji. Abin da malaman ke cewa shi ne a kai yaro inda zai dawo da tambaya a bakinsa.

A nan nake tare da su. Lilo daɗinsa na nan take ne, kuma ba laifi ba ne yaro ya ji daɗi don daɗin kawai. Amma ku tambayi duk babban da aka kai Muze yana ƙarami me ya riƙe. Zai ce muku warin kejin kura, ko yadda dorina ta buɗe baki, ko tsoron da ya ji a ƙarƙashin ƙasusuwan nan. Shekara talatin bayan haka yana iya kwatanta su. Ga shi kuma gidan gwamnati ne, kuɗin shigarsa bai kai na wuraren 'yan kasuwa ba, kallo ɗaya kuma ya wadatar da yara tara kamar yadda zai wadatar da ɗaya.

Dandalin da ya yi shiru

Tambayar ba za ta yi wannan nauyi ba da abin da ke gida yana nan yadda yake. Yaran Kurfai ba su taɓa rasa wurin wasa ba. In wata ya yi fari ana fita dandali, 'yan mata na gaɗa, maza na langa da kokawa, a zauna a yi tatsuniya. Lilo ma akwai shi, igiya ce da reshen itace. Da kaka makaɗa kan zo, a yi kokawa tsakanin ƙauyuka, wadda ita ce ke ciyar da gasar kokawar cin takobi ta ƙasa da aka fara a Tawa a 1975. Ba mai karɓar tikiti a bakin dandali.

Wannan rayuwa ta ja baya, kuma ba waya kaɗai ta jawo ba. Tun 2017 sassan jihar Tillaberi, inda Filinge take, ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. An sha hana hawan babur, wanda shi ne motar talaka tsakanin ƙauye da ƙauye. Makarantu ɗaruruwa sun rufe a jihar. Arewa da Filinge, wajen Abala da Banibangu, garuruwa sun ga abin da ba a so a tuna, mutane da yawa sun baro gidajensu. Inda ake tsoron dare, uwa ba ta barin ɗanta ya kai sha biyu a dandali, mai ganga ma yakan yi tunani kafin ya buga.

Saboda haka uban da ya kwashi 'ya'yansa zuwa Yamai ba lallai ne burga ta kai shi ba. Wani yana neman musu yini ɗaya ne da za su yi ihu da gudu ba wanda zai ce su yi shiru. Wannan ba ya shiga lissafin jika da dala, kuma mai cewa almubazzaranci ne ya kamata ya sa shi a ma'auni. Sai dai ita kanta hanyar tana cikin lissafin tsaro: ana tambayar labarinta kafin a tashi, ba a kuma yarda dare ya riski mota.

Abin takaici shi ne ƙasar na da abubuwan kallo da birni ba shi da su. Raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma a Nijar suke. Sun ragu zuwa wajen 50 a 1996, kariya ta sa suka haura 600, kuma ba a Kure kaɗai suke kiwo ba, sukan hauro Dallol Boso har wajen Fandu, kudu da Filinge. Turawa kan biya kuɗin jirgi su zo ganinsu, kafin harin watan Agustan 2020 a Kure, inda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya durƙusar da wannan yawon. Arewa da gari kaɗan kuma ga Tukunus, gidan kiwon shanun Azawak da ya yi suna tun zamanin Turawa. Yara nawa ne a makarantun Filinge aka taɓa ɗauka a kai su ko ɗaya daga cikin biyun?

Wa ake bari a gida

Matan Nijar na cikin masu yawan haihuwa a duniya, 'ya'ya shida zuwa bakwai a matsakaici, kuma kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Tikitin wurin wasa kuwa kai-kai ake sayar da shi. An tsara sana'ar ne a ƙasashen da iyali ke nufin uwa da uba da yara biyu.

Don haka a gidan Bakurfaye dole a zaɓa. Wa zai je? Sau da yawa maza ne, ko 'ya'yan ɗakin da ke da faɗa, ko wanda ya ci jarrabawa. Babbar 'ya takan zauna don taya uwa aiki. Agola da ɗan riƙo ba a ma sa su a lissafi sai in mai gida mai tsoron Allah ne. Tafiyar da aka shirya don farin ciki takan bar ƙullin da ke daɗewa fiye da hoton da aka ɗauko.

A can bakin shingen ma akwai wasu yaran. Masu tallan ruwa da gyaɗa, da almajirai da robobinsu, suna leƙe ta tsakanin ƙarafuna. Su ma Sallarsu ce.

Iyalan da na ga sun ci ribar abin ba su yi wata dabara mai wuya ba. Sun ƙi ranar Salla da kashegarinta, suka bari sai cunkoso ya lafa ko sai hutun makaranta, lokacin da dama akwai wata hidima da za ta kai su birni, biki ko duba mara lafiya. Sun dafa abincinsu, suka cika jarka da ruwa. Sun faɗa wa yara tun a mota cewa hawa biyu ne kowa, ba ƙari. Sun fara da Muze da bakin kogi, lilo ya zo a ƙarshe da abin da ya rage. Sun kuma yi layi: bana waɗannan, baɗi waɗancan, har da 'yan mata. Ba wanda ya sayar da hatsin rumbu a cikinsu.

Da la'asar ta kwana na biyu motar kan baro Yamai da wuri don ta isa gida da sauran haske. Kafin Baleyara yaran sun yi barci a jikin juna, ɗinkin Salla ya sha ƙura da miya, balan-balan ɗin ya sace. Uban na gaba yana lissafi a zuci, yana cire kuɗin taksi, yana mayarwa. A ƙofar gida waɗanda aka bari suna jira, kuma tambayar farko da suke yi wa autan, tun bai gama saukowa ba, ita ce ko da gaske ne zakin ya fi jaki girma.